Sandar da Ke Jin Magana

Shekara talatin da ɗaya ina buɗe cikin agogo
a rumfata ta bakin kasuwar Wadata,
har ido ya ce shi kam nan zai sauka.
Yatsu ne suka ƙi ritaya.

Su suka kai ni Katako ranar Talata,
wurin Tankari mai kayan gwanjo,
inda sandunan fatsa ke jingine da kwano
kamar baƙin da ba a zo tarba ba.

Na ɗaga ta fari. Taɓarya ce.
Ya ce ta masu ƙarfin tuwo ce,
ko jaki ta kama sai ta kawo shi gaɓa.
Na ajiye.
Ta biyu laushin dafaffiyar taliya gare ta,
na kaɗa ta sau ɗaya
tana ta rawa har na gama gaisawa da wani.

Ta uku tana can baya, gizo-gizo ya yi mata riga,
zobenta guda an ɗaure shi da zaren ɗinki.
Ta fi ni tsawo da kamu ɗaya.
Gindi da tauri, tsakiya da ƙashin baya,
kanta kaɗai ke rusunawa,
irin gaisuwar wanda ya san darajar kansa.

Tankari ya ce, riƙe, rufe ido.
Ya ɗora tsininta a maƙogwaronsa
ya yi magana ƙasa-ƙasa.
Maƙera na ta dukan tukwane, kunne bai samu komai ba,
amma tafin hannuna ya ji sarai:
jikka goma sha biyu.
Na ce takwas.
Sandar ta kawo mini dariyarsa
tun ba ta iso bakinsa ba.

A goma muka rabu.
Gyara, ya ba ni tana uku ta roba
da ƙugiya mai kan dalma.

Asuba ta same ni ƙasan Gamkalle.
Tsoho Alzuma na ɗinkin koma cikin jirginsa,
ya dubi tanata, ya dube ni.
Ya ce, kifin Isa bai shiga lakkol ba
amma ya san abinci, ya san roba.

Na jefa. Na bari ta nutse,
kai a ƙasa, wutsiya a sama.
Ba ja ake yi ba, ba fizga,
ɗan karkarwa ne kawai,
ta hannun dattijo riƙe da kofin shayi.
Wannan kam ban sha wuyar koyo ba.

Sai kogi ya fara ba ni labarin cikinsa.
Dutse yana cewa ƙwas.
Laka ba ta cewa komai, riƙe ka take yi.
Na gane kwalba, na gane tsohon buhu,
na gane saiwar da ta so ƙwace mini dalma
ta fasa.
Shekara nawa ina tsallake ruwan nan a kan gada
ban san yana da ƙasa ba.

Rana ta kai kan bishiyoyin Harobanda,
sai ga shi a yatsana:
tik.

Na tsaya ina jiran tak.
Shekara talatin da ɗaya
ban taɓa jin tik ya zo ba ɗan'uwansa.

Kogi ba ya tak.
Da na naɗo zare, tanata ta dawo ba wutsiya.

Alzuma bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.
Ya ce giwan ruwa ne, ƙarami,
manyan ba su barin saura.
Na sayi karfasa huɗu a hannunsa
don kada Tsahara ta tambaye ni da ido.

Ta tambaya duk da haka.
Na ce, wani ya ƙwanƙwasa, ban buɗe da wuri ba.

Sandar na nan bayan ƙofa.
Saura tana biyu da rabi.